Baƙar Motar Madam da Butar Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, da buta ɗaya yake wanke mota. Butar alwala ta roba zai cika, ya ɗauko tsummansa, ya ɗiga ruwa kaɗan a kai, ya fara daga rufi yana murzawa a zagaye, a zagaye, kamar mai shafa wa jariri mai. Kafin ruwan ya ƙare ya iso tayoyi, wani lokacin har ya rage na kuskure baki. Duk direbobin da ke zama bakin likita, wato asibiti, sun san shi da wannan, kuma a Damagaram abin alfahari ne. Mu ruwa ba abin wasa ba ne a wurinmu. A Kara-Kara inda muke, tun ina ƙarami nake ganin mata sun jera bido, jarkokin ruwa, a bakin famfo, su wuni, famfon ya yi ɗan tari ya yi shiru. To mutumin da zai fito da mota fes da ruwan da bai isa dafa tuwo ba, dole a ce masa gwani.

Kuma ba wankin safe kaɗai ba. Duk inda ya tsaya, kafin injin ya huce ya zare tsumma daga kafaɗa yana goge ƙura. A ganinsa direban da motarsa ke da ƙura daidai yake da wanda ya fito bai wanke fuska ba.

Wata dattijuwa yake tuƙawa, sajfam ce, ungozomar asibiti, da ta yi ritaya, Kirista, rabin unguwarsu a hannunta aka haife su. Madam kowa ke ce mata. Tun kafin a haife ni yake tare da ita, tun zuwansa daga Zermu da farminsa na tuƙi sabo. Shi ke kai ta majami'a ranar Lahadi ya jira a gindin dogon yaro, ita kuma ranar Juma'a ba ta aikensa ko'ina. Motocinta duk farare ne, ɗaya bayan ɗaya.

Ni kuwa a lokacin ba ni da wurin zama ɗaya. Na bar lekwal, makarantar boko, ban gama kolej ba, don zaman benci yana sa ƙafafuna ƙaiƙayi. Na yi kabu-kabu da babur, na sayar da mai a kwalba bakin hanya, na zauna wurin tela har na iya ɗinka aljihu sannan na gudu, na tafi Agadas na dawo da takalmi ɗaya mai kyau da tari. Kawu ne ya gaji, ya kama hannuna ya kai ni garajin wani mai fenti, mutumin Kwatano da ya daɗe a garinmu har Hausarsa ta fi tawa daɗi. A can na haɗu da injin gogewa. Wani abu ne mai faifan soso a baki, yana juyawa, ana ɗiga masa wani farin ƙulli da muke ce wa pat, a bi fenti da shi. Ranar da na fara ganin maigidana ya bi ƙofar wata tsohuwar mota da shi, ƙofar ta tashi daga toka-toka ta koma kamar an zuba mata ruwa an hana shi zubewa, na manta ban ci abincin rana ba. Ban taɓa ganin abin da ya riƙe ni haka ba.

Ana nan sai ƴar Madam da mijinta da ke Yamai suka aiko mata da sabuwar mota. Baƙa wuluk. Kawu ya zo da ita ƙofar gidanmu ranar farko, yara suka taru suna leƙa fuskarsu a jikinta suna gwalo. Ya ninka kulawa. Inda da yake gogewa sau ɗaya a duk tsayawa, ya koma sau biyu.

Bayan wasu watanni surukin Madam ya zo gaisuwa. Mushe muke ce masa, mutum ne mai sanyin magana. Ya fito da tsakar rana ya ga motar a fili, ya zagaye ta, ya koma ciki. Bai yi faɗa ba. Ya dai gaya wa Madam cewa an kashe fentin, kuma ba laifi ba ne mutum ya tsufa, akwai wani saurayi mai farmi da ya sani, a bar Baba ya huta. Madam ta ce a bar maganar sai sun dawo bikin Paska. Ita da kanta ta kira kawu ta gaya masa yadda aka yi, don ba ta iya ɓoye-ɓoye.

Kawu yana da ƙananan yara a gida har lokacin. Amma abin da ya fi cin ransa shi ne a ce a gari an karɓe masa makulli don ya lalata mota, shi da aka sani da tsafta.

Bai taɓa zuwa garajinmu ba tun ranar da ya ajiye ni. Rannan sai ga baƙar mota ta shigo. Ya gaisa da maigidana, sannan ya ce ba tare da ya dube ni ba, an ce mun iya cire wannan abin. A ganinsa ko rana ce ta dafa fentin, ko dama mai arha aka shafa, ko yaran unguwa ne ke bi da kara.

Muka tura ta tsakiyar fili. Na sunkuya a kan kapo, murfin injin nan na gaba, na ga rana a ciki ƴar ƙarama fara tas, kewaye da ita kuma zobe a kan zobe, siraran layuka masu ƙyalli ba iyaka, kamar saƙar gizo-gizo. Na matsa dama, zoben suka biyo ni. Na matsa hagu, suka biyo ni. Duk inda ranar ta sauka, nan suke taruwa su kewaye ta. Maigidana ya taɓa gaya mini dalili: ƙarcen suna ko'ina, sun nufi kowace fuska, waɗanda suka daidaita da hasken ne kawai ke walƙiya, shi ya sa ido ke ganin da'ira. Na san wannan, amma duk da haka na daɗe a sunkuye. Sai nake ji kamar sama nake kallo, ba ƙarfe ba.

Kuma na san ko hannun wa ne. Maigidana ma ya sani, don ya dubi tsumman da ke kafaɗar kawu, ya dube ni, ya ce zai je sayen tinar na sirka fenti ya dawo. Da yamma ya ba ni injin da soso biyu da pat iri biyu, mai kaushi da mai laushi. Ya ce kawuna ne, aikina ne. Ya tuna mini cewa abin da ke saman baƙin fenti wani ruwan gilashi ne da ake ce wa barni, bai kai ɓawon albasa kauri ba, a cikinsa duk ƙarcen suke, in na huda shi ba mai ɗinkewa sai sabon fenti.

A gidan Madam na yi aikin, ƙarƙashin bishiyar da ke tsakar gida, da sanyin safiya, don ba a goge ƙarfe yana da zafi kuma bazara ta riga ta kama. Na fara da wanki. Na kwara ruwa daga sama har ƙurar ta gangaro da kanta ban taɓa ba, sannan na ajiye bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso kafin ya koma cikin sabulun. Kawu yana tsaye yana bin kowane bokiti da ido har ƙasa ta shanye. Can ya ce zai je ya duba iskar tayoyi, ya zagaya baya bai dawo ba sai da na gama.

Na ja tef na raba kapo biyu. Na ɗiga pat a soso, na ɗora a kwance, na kunna.

Aikin nan ba ya son mai sauri, ni kuwa sauri aka haife ni da shi. Wuri kamar faɗin faifai za ka ɗauka, ka bi shi a hankali, ka dawo ka gicciye, hannunka na tafiya kamar tururuwa. In ka yi gudu ba abin da zai fita. In ka tsaya wuri ɗaya zafi ya taru ya ƙone. Kana jin injin a gwiwar hannu har haƙori, kana kallon farin pat yana narkewa yana zama kamar hazo, sai ka ɗaga, ka share da tawul mai laushi, ka taɓa da bayan hannu ka ji ɗumi. Ƙafafuna suna ta cewa mu tafi, idona yana cewa saura kaɗan. A haka rana ta ɗaga.

Da na gama rabin, na cire tef, muka tura motar fili ni da kawu. Madam ta fito da sandarta.

Ɓangaren da ban taɓa ba yana nan da saƙarsa. Ɗayan kuwa babu komai. Ban san yadda zan faɗa ba sai haka, babu komai, har fentin ma kamar babu. Rami ne baƙi mai zurfi kamar ka leƙa rijiya, sama na kwance a ƙasansa, ranar guda ɗaya tak ba zobe ko ɗaya. Wata shirwa ta wuce a sama, na gan ta tana ratsa cikin kapo, ta isa layin da tef ya bari ta dusashe. Madam ta sunkuya ta ga fuskarta da farin gashinta, ta ce girma ya tabbata ga Ubangiji. Kawu ya yi kabbara ƙasa-ƙasa. 

Kawu ya tambaye ni da me na cike ƙarcen. Na ce ba cikewa ake ba, abin da ke kewaye da su ake ci har ya sauko daidai da gindinsu. Ya tambaya sau nawa za a iya yin haka. Na ce wataƙila a ƙara sau ɗaya nan gaba, daga nan barnin ya ƙare. Sai ya tambayi abin da nake gudu: me ke kawo su?

Na ce yashi ne. Ƙurar garinmu yashi ce mai laushi, kowane ƙwaya da bakinsa.

Ya ce, “Yashi yana zaune a kan mota. Wa ke jan sa?”

Na dubi ƙasa. Mutumin nan shi ya yanka ragon sunana. Ba zan iya buɗe baki in ce kai ne ba, kuma a gaban Madam.

Bai sake tambaya ba. Ya je ya ɗauko butarsa, ya zare tsumman, ya ɗiga ruwa, ya zo kusurwar ɓangaren da na gama. Na ce, “Kawu,” ya ce in matsa. Wuri kamar tafin hannu ya murza, yadda ya saba, a hankali, da kulawa. Ya jira ya bushe. Ya sunkuya yana karkata kai har ya kawo ranar cikin wurin.

Ga su nan. Sababbi, sirara, sun kewaye ta.

Ya daɗe bai miƙe ba. Sannan ya buɗe tsumman, ya murza tsakanin yatsu kusa da kunnensa, duk muka ji ɗan ƙaras-ƙaras. Ya ce wa Madam, ba ni ba, ashe duk fararen motocinta haka ya yi musu. Ta ce ita dai ba ta taɓa gani ba. Na ce farin ma yana yi, ba ya nunawa ne kawai. Ban san ko wannan ya rage masa ko ya ƙara ba.

Na ce zan gyara kusurwar. Ya ce in bar ta, kada in ƙara cin barni saboda shi.

Sauran motar ta ɗauke ni kwanaki. A gefen ƙofar baya na kusa yin ɓarna, don barni ya fi siranta a kan kaifi, na ji wari ya canza na ɗaga da sauri. Allah ya tsare. Na gama na shafe ta da kakin kariya. Amma gyara ba shi ne matsalar ba, don in kawu ya koma yadda ya saba, kafin Paska saƙar ta dawo.

Na zaunar da shi na yi masa bayani da ladabi: a kwara ruwa tukuna, bokiti biyu, soso mai laushi, a ja a miƙe daga sama zuwa ƙasa, na taya daban, a tsane da dannawa ba da murzawa ba, kuma busasshen tsumma kada ya ƙara taɓa ta. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya ji, amma shi ba zai kwara wa ƙarfe wannan ruwan kullum ba alhali matarsa na layin famfo. Madam ta ce ai ruwan gidanta ne, ita ke biya. Ya ce ba maganar biya yake ba, hannunsa ne ba zai iya ba.

Na ce to saura hanya ɗaya. A daina taɓa ta. Ƙurar da ke kwance ba ta ƙarce komai sai an ja ta. A bar ta ta taru, a yi wanki mai kyau sau ɗaya a mako.

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce shi zai ratsa Damagaram da mota buɗu-buɗu? Madam ta yi dariya ta ce ita a ciki take zama, wajen na masu kallo ne. Kawu bai yi dariya ba. Ya tashi ya tafi masallaci. Washegari dai bai cika buta ba.

Na sha zuwa bakin likita in same shi lokacin da Madam ke ganin likitan ƙafarta, kuma na ji abin da ya sha. Wani ya tambaye shi ko gero ya ɗauko daga Takieta. Wani ya ce tsufa ya zo, a tara masa kuɗin sabulu. Wani abokinsa Babarbare ya ce dama mutanen Zermu da ƙasa aka san su, jini ne ya motsa. Kawu yana amsa wasu, yana ƙyale wasu. Abin da na fi lura da shi hannunsa ne. Yana cikin hira sai hannun ya tafi kafaɗa da kansa, ya tarar ba komai, ya dawo. Daga baya ya koma zama a kan tafukansa a benci. Wani ɗan kabu-kabu ya miƙa yatsa zai yi rubutu a ƙurar ƙofa, kawu ya cafke wuyan hannunsa kafin ya taɓa, da saurin da ban san yana da shi ba.

Ranar Asabar yake wankin, ni kuma ina zuwa in taya shi. Ya matsar da wurin wankin kusa da ƴan bishiyoyin lemun Madam don ruwan farko, wanda ba sabulu, ya gangara gindinsu. Da hakan ya ɗan samu sauƙi.

Mun shirya cewa Mushe zai iso ranar Asabar da yamma, ya tarar da ita a wanke. Sai ya canza, ya sauka ranar Juma'a da safe. Madam ta kira ni a waya ta ce in zo yanzu. Na iso na tarar da motar a tsakar gida da ƙurar mako guda, ja-ja, ba ka ma cewa baƙa ce. Mushe yana tsaye hannu a aljihu, matarsa a bayansa. Na ji yana ce wa Madam, da sanyin muryar nan tasa, to ai yanzu ko gogewar ma an daina.

Na buɗe baki zan yi bayani, kawu ya ɗaga mini hannu. Ya ce, “Mushe, a yi mini haƙuri kaɗan. A tsaya nan.”

Ya naɗe hannun riga. Ya ɗebo bokiti cike, ya ɗaga sama da kansa, ya kwara a rufi. Ruwan ya sauko ja kamar kunu, a bayansa baƙin yana buɗewa, yana bin sa ƙasa, har bishiyar da ke samanmu ta bayyana a jikin ƙofa ganye-ganye. Ya ƙara wani.  Na miƙa masa soso, ya bi ta a miƙe, yana ɗaurayewa, yana komawa, bai yi sauri ba ko da ya san ana jiransa. Muka tsane ta, muka tura fili.

Mushe ya cire tabarau. Ya san abin da yake nema, ya bi ta ƙofa-ƙofa yana karkata kai yana kawo rana inda yake so. Ya zagaye ta duka. A kusurwar kapo ya tsaya, ya nuna ɗan wurin nan mai faɗin tafin hannu, ya tambaya nan fa.

Kawu ya ce, “Wannan nawa ne. Duk na da ma nawa ne, Mushe, gaskiyarka. Yaron nan ya cire su, ni kuma na daina.”

Mushe ya dube ni, ya tambayi inda na koya, na gaya masa. Ya sake duban motar, ya tambayi kawu ko da gangan ake barin ƙurar kenan. Kawu ya ce da gangan, kuma ba daɗi. Matar Mushe ta yi dariya, Madam ta ce rana ta yi zafi, ita za ta shiga.

 Sannan Mushe ya ce yana son zuwa Birni ya gaida wata gwaggonsa kafin lokacin masallacin Baba ya yi, in Baba ba zai damu ba. Kawu ya sauke hannun rigarsa, ya laluba aljihu ya fito da makulli. Mushe ya zagaya gefen mai zaman gaba, ya ɗora tafinsa a kan rufi zai sunkuya ya shiga.

Kawu ya ce, “Mushe, a kama ta marfin, daga ciki.”

Mushe ya dubi hannunsa, ya ɗaga shi, ya yi murmushi ya shiga. Na buɗe musu ƙofar gida suka fita. Maganar saurayin nan mai farmi ba ta sake tashi ba.